Ba Za a Yi wa Jikana Aski Yanzu Ba

Zuwa ga ƙanena abin ƙauna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar zumunci, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Mai jego tana samun ƙarfi, yayarmu kuwa gwiwa ke damunta, amma ba ta hana ta faɗa ba.

Saƙonka ya iso, cewa na bar sunna na bi likitoci, tunda na hana a yi wa jikana aski ranar suna. Haka ne, na hana, wanzamin da ka sa aka turo ma ruwan shayi na ba shi na sallame shi. Kai ba ka ga yaron ba. Bakwaini ne, tafin hannuna biyu sun ɗauke shi, kansa babba, hannuwa kamar tsinke. Unguwarzoma ta ce jiki ƙarami irin wannan fatarsa ta yi wa tsokarsa yawa, ɗumi na fita ta kowane gefe, kai kuwa shi ne babbar ƙofa. Ban yi mamaki ba. Ruwan alwalar da na zuba a buta yakan huce kafin in gama lazimi, na babbar tukunya kuwa yana nan da zafinsa har hantsi. Wanka ɗaya aka yi masa a falo ƙarƙashin fanka, leɓɓansa suka yi shuɗi, ya kasa kama nono. Da idona na gani.

Yayarmu ta ce za a yi da mu a gari, wai a gidan malam aka bar jariri da gashin haihuwa. Na ce su yi ta yi. Aski mustahabbi ne, kiyaye rai wajibi, kuma a gabana ka karanta wannan babi. An yanka rago, an raɗa suna, an yi sadaka. Yaron yana ɗaure a ƙirjin uwarsa, fata da fata, da hula a kansa, ba mai karɓarsa hannu-hannu ko da kakarsa ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In askin kake so, ka roƙa masa tsoka a sujadarka. Ranar da wuyansa ya yi ninki, ka zo da kanka ka riƙe shi a yi.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, da babban ɗanka makaniki, da auta sarkin surutu. Allah Ya raya mana, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam,
Yayanka.