Tantabarunka Da Abin Da Na Yi Wa Istifanus

Na'ibawa, Kano.
9 ga Nuwamba, 1983.

Zuwa ga ɗana Uwaisu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa kana lafiya a Fatakwal, ya sa ka gama bautar ƙasa lafiya. Babanka lafiya lau, sai ƙurar auduga ta masaƙa da ke sa shi tari. Ƙanwarka Lami ta warke. Kakarka Hajiya ce ƙafarta ta ƙi. Ni jikina ƙalau, zuciyata ce babu daɗi.

Ka tuna littattafai biyu da ka bar mini don kada karatun yaƙi da jahilci ya gudu? Na fara da mai jan bango, na ɗan sandan ciki da ɓarawon gwal. Uwaisu, littafin nan ya hana ni sakat. Da yatsa nake bin layi, har tuwo ya ƙone mini. Ɗan sandan ya ce wanda ya fi yi maka dariya shi za ka fara zargi, ni kuma na riƙe.

Ana haka sababbin tantabarunka huɗu suka ɓace. Washegari na ga gashin tsuntsu a ƙofar ɗakin maƙwabcinmu Istifanus, mai aikin fata a Challawa, mai yawan dariyar nan wanda ya koya maka keke. Ban tambayi kowa ba. Na je na gaya wa mai gidan haya cewa Istifanus ne ya sace su, a tsakar gida, Esta matar Istifanus tana ji. Ta ce zabo suka yanka ranar Lahadi, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Sai bayan nan na buɗe ƙaramin, na kiwon tantabaru. Ba shi da daɗi ko kaɗan, daga kashi sai ƙwarƙwata, amma ba ya ƙarya. Ya ce tantabarar da aka sayo, idan ba a ɗaure mata fiffike ba, gidanta na dā take komawa. Ni kuwa na riga na kwance zaren da ka ɗaure musu, don tausayi. Babanka ya je Dakata wurin Malam Ado da ya sayar maka, ya tarar da su huɗun suna cin dawa.

Na ba Esta haƙuri, ta ce ba komai, amma ta daina aiko neman garwashi. Istifanus ya ce ƙarshen wata za su tashi. Kai yake jin maganarka. Don Allah ka rubuto masa, takardar ta iso kafin talatin ga wata.

Jiya na ƙarasa jan littafin. A can ma ba maƙwabcin da aka zarga ba ne ɓarawon. Shafi goma ne suka rage mini ranar da na buɗe baki.

Babanka, Lami da Hajiya suna gaishe ka. Ka gaida abokin zamanka Labaran.

Mahaifiyarka,
Hajjo.