Shafin da Baba Ya Cika a Littafin Auta

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yaron nan mai kumatu da har yau a hoto kawai muka san shi. Allah ya raya mana shi, ya sauƙaƙa maka aikin da ya hana ka zama. Nan gida Inna tana nan da ciwon gwiwarta da faɗanta, babu wanda ya ragu. Ni kuma ɗinki ya sa ni gaba, kullum a ɗakin ɗinkina na nan gidan su Inna nake wuni. Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali duk mako muna waya. Dalili shi ne kullum Baba yana zaune kusa, kuma maganar ba ta gabansa ba ce. Ka yi haƙuri in ɗauko maka ita daga tushe.

Ka san Auta ta shiga ajin ƙarshe na sakandare. Malamarsu ta Turanci ta ba su jerin sunayen adon magana wajen arba'in, irin waɗanda ake tambaya a jarrabawar adabi. Yarinyar nan ta haddace su tsaf, tana wanke-wanke tana rera su, amma da aka ba su labari aka ce su zaƙulo su a ciki, sai ta dawo da maki huɗu cikin ashirin. Ta sha kuka har idonta ya kumbura. Malamar, Allah ya saka mata, ta ce kowa ya nemi ƙaramin littafi, kowane suna da shafinsa. Duk sanda ya ji wani a gida ya yi irin maganar, ya rubuta ta da kwanan wata, ko da wane harshe aka yi ta. Sunayen Turancin ni karya mini harshe suke yi, sai da Auta ta fassara mini.

Daga ranar muka shiga uku. Ba ka da ikon buɗe baki sai ka ga Auta ta zaro biro daga bayan kunne. Na ce keken ɗinkina ya tashi da fushi, ta rubuta ni a shafin mayar da abu mutum. Inna ta same ta tana barci ƙarfe goma na safe ta yi mata sannu da aiki, Auta ta tashi tana murza ido ta sa Inna a shafin gatse, wato ka faɗi abu kana nufin kishiyarsa. Inna ta bi ta da tsintsiya. Amma shafin kambamawa, Baba ne ya gaje shi shi kaɗai, har sai da ta liƙa ƙarin takarda. Ka dai san halinsa. Mai kawo katako ya makara da awa ɗaya, ya ce shekara bakwai yana jiransa. Ƙusar da ya taka a shago ta kai tsawon hannunsa. Mura ta kama shi kwana biyu, ya tara mu yana raba gudumomi da zartuna, wai kai za a bar wa babban teburin aiki.

Shafi ɗaya ne ya ƙi cika, na rage magana, wato abu babba ka faɗe shi kamar ba komai ba. Auta ta yi ta mita wai gidanmu babu mai ragi, kowa ƙari ya iya. Mun yi dariya muka manta.

Ranar Asabar ta makon jiya da hantsi ta shigo ɗakin ɗinkina, ta tura ƙofa, ta ajiye littafin a kan yadin da nake yanka. Na buɗe baki zan yi mata tsiya sai na ga fuskarta. Shafin nan ya cika, layi goma sha ɗaya cikin mako biyar, kuma duka Baba ne. Yana cikin goge katako ya zauna a benci, ya ce ɗan jiri ne. Ya bar aikin ƙofar wani a rabi, ya ce ɗan numfashi zai mayar. Ya tsaya a matakala ta uku dafe da ƙirji, ya ce ɗan nauyi ne, ba wani abu ba. Sannan ta buɗe mini shafin kambamawa ta ɗora yatsa a kan kwanan wata na ƙarshe. A makon da shafin rage magana ya fara cika, a makon ne na kambamawa ya tsaya. Ta ce ita tun tana murnar samun misali har ta fara jin tsoro, don mutumin da mura ke sa shi wasiyya ba zai ce ɗan jiri ba sai da dalili. Wallahi ƙanena kunya ta kama ni. Kullum ni ke kai masa abinci shago, rabin maganganun nan a kunnena aka yi su, ban ji komai ba.

Kai shi asibiti sai da aka yi daga. Ya ce shi da ya ɗaga kabad shi kaɗai ba za a mayar da shi majinyaci ba. Inna ta ɗauke makullin shago ta ɗaure a bakin zanenta ta zauna. Ranar Litinin muka je. Likita ya tambaye shi tun yaushe, ya ce shekaranjiya. Auta ta miƙa littafin, likitan ya karanta layi-layi yana duba kwanakin, ya tura mu gwaje-gwaje a ranar. Sakamako ya nuna wata jijiyar zuciya ce ta kusa toshewa. Za a yi masa aiki ranar ashirin ga wata, kuma likitan ya ce akwai kyakkyawan fata tunda an zo da wuri. Yana shan magani, yana zaune a tsakar gida yana yi wa kujerun Inna gyaran da ba su nema ba. Ni dai ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, ka ce mata rigar yaron na nan na gama. Inna tana gaishe ku, Auta ma haka, da Kawu da Gwaggo da suka leƙo jiya, da maigidana da yara.

Jiya bayan la'asar na tambayi Baba ko in sanar da kai. Ya juya wata ƙusa a hannunsa. Ya ce kada in tayar maka da hankali kana da aiki, amma idan ka sami ɗan sarari, zai ɗan so ya ga yaron nan. Auta tana zaune da littafin a cinya, ba ta rubuta ba. Ka nemi hutu, ka taho da su kafin ashirin ga wata.

Taka har kullum,
Yayarka