Takardun Malama Kurahashi

Otaru, 9 ga Fabrairu, 2023

Zuwa ga ƙawata Nobue,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigida da jikoki. Yaya gwiwar taki? Yaya sanyin Morioka? Mu nan ƙanƙara ta rufe rabin tagar ɗakin sauya kaya, kullum sai na ɗauki shebur na buɗe hanya kafin in shiga makaranta.

Na ga furannin ta'aziyya da kika aiko. Na san ba za ki zo jana'izar ba, kuma ban ji haushi ba. Malama Kurahashi ta tafi yadda kika san ta. Kwana biyu kafin ta cika, tana kwance da robar iska a hanci, ta dubi mai jinya ta ce, "Ke yarinya, miƙe bayanki. Buhun shinkafa ce ke?" Shekararta casa'in da ɗaya.

Abin da ya sa na rubuto miki shi ne maganar makaranta. Masaru, ɗan ƙanen Malama, wanda kika sani yana rarrafe ƙarƙashin fiyano da majina a hanci, shi ya gaji ginin, har ma ya sayar. Ƙarshen Maris za a rushe a yi wurin ajiye motoci. Ranar Litinin ya zo, ya shigo ɗakin rawa da takalmin waje, a kan katakon da ni da ke muka yi shekaru muna gogewa a durƙushe. Ya buɗe ɗakin ajiya, ya toshe hanci.

"Ƙaramar Malama," in ji shi, "wannan tarkacen fa? In kira masu kwasar shara?"

Shekarata sittin da biyu, amma har yau ni ce Ƙaramar Malama. Na ce masa, "Tarkacen nan ya girme ka. Fita min da takalmin nan." Ya yi dariya, ya ce in ina so in kwashe, kada dai in wuce ashirin ga Maris.

Kin san Malama ba ta jefar da ko tikiti. Tun daga 1958, shekarar da ta fara koyar da rawar bale, ta tsayuwa a kan yatsun ƙafa, ga 'ya'yan masunta a tsohon ɗakin ajiyar kifi, komai na nan: hotuna, takardun shela na kowane wasan da ƙungiyarmu ta yi, kaset-kaset, zanen riguna, da baƙaƙen littattafan nan nata guda saba'in da ɗaya da ba ta bari kowa ya taɓa. Na je ɗakin karatu na birni na ga wata Madam Hoshino, mai kula da kayan tarihi. Mace ce mai kirki amma ba ta da wasa. Ta ce za su karɓa, da sharaɗin kowace takarda ta zo da lamba da kwanan wata, kowane hoto da sunayen waɗanda ke ciki. Abin da ya yi fumfuna kuwa ba zai shiga musu gini ba.

Shi ne aikina yanzu daga safe zuwa la'asar, ni da risho da fensir. Ga hotuna huɗu na sako miki, na yawon wasannin da muka yi a ƙauyukan gaɓar teku a 1979. Wace ce doguwar nan a bayanki, wadda ta yi amai a motar? Sunanta ya ɓace min.

Wani lokaci sai in tsaya da hoto a hannu in ce wa kaina, to Ikuyo, aure ba ki yi ba, ko'ina ba ki je ba, amma ga shi ke kaɗai kika rage da kika san fuskar kowa. Ba laifi. Matar nan ta yi mana komai, ba zan bari a zuba ta a motar shara ba.

Ki gaida mutanen gida.

Taki har kullum,
Ikuyo

Otaru, 2 ga Maris, 2023

Nobue,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Na gode da sunayen, da busassun 'ya'yan itacen da kika haɗo da su. Ni lafiyata ƙalau.

Kin tuna bazarar 1983? Na san kin tuna, amma bari in faɗa, don ina so ki karanta shi da idonki. Ina da shekara ashirin da biyu na shiga jirgi na tafi Tokyo gwajin shiga babban kamfanin rawan nan. Mu tamanin muka tsaya a layi. Na dawo ƙafata na jini, na ce miki ina jin na yi abin kirki. Suka ce amsa za ta zo ta adireshin makaranta. Wata guda ina gadin akwatin wasiƙu. Rannan Malama ta kira ni ofis, ko kujera ba ta ba ni ba, ta ce, "Ba su ɗauke ki ba. Sun ce bayanki ya yi tauri, ƙafarki kuma gajera ce. Je ki, yara na jiran ki." Na fita bakin mashigin ruwa na yi kuka a cinyarki har rigarki ta jiƙe. Kika shafa kaina kika ce, "Su suka yi asara."

Shekaranjiya na kai kwali na goma sha bakwai. A cikin littafin Malama na waccan shekarar akwai ambulan da tambarin kamfanin. Na buɗe don in sa masa lamba. Nobue, sun ɗauke ni. Mu uku kacal suka ɗauka, sunana na biyu. Sun ce in zo ranar ɗaya ga Satumba, har ɗakin kwana sun tanada. A bayanta Malama ta maƙala kwafin amsar da ta aika musu: wai ɗalibarta ta gode, amma saboda larurar iyali ba za ta iya barin Otaru ba.

Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba. Na dubi ƙafata, wadda na yi shekara arba'in ina jin kunyarta, ina ɓoye ta a bayan yara in za a ɗauki hoto. Ɗaruruwan yara na koya wa tsayuwa a kan yatsu, kowace na ce mata, "Ki yi yadda na faɗa, kada ki kalli tawa."

Da abin ya tsaya nan, da ban rubuto ba. Amma na karanta shafin littafin da aka saka ambulan ɗin. Ga abin da ta rubuta, harafi da harafi: "Nobue na son aure ta tafi Morioka. Ikuyo an kira ta Tokyo. Ba zan iya rasa duka biyun ba, wa zai riƙe min ajin yara? Na nuna wa Nobue wasiƙar, na ce mata ɗaya ce za ta tafi. Ta yi kuka. Da rana ita ta kai amsar gidan waya."

Kwanan watan da ke saman shafin ya riga ranar da na yi kuka a cinyarki da kwana uku.

Na san a gidan Malama kika girma tun kina shekara goma sha huɗu, na san ba ki da wanda zai tsaya miki a wajen dangin miji sai ita. Duk na lissafa miki waɗannan uzurori da kaina, na maimaita su kamar yadda muke maimaita taku a gaban madubi. Amma ni na ɗinka miki lulluɓin biki. Ni na riƙe miki jaka a tashar jirgi. Kowace sabuwar shekara katinki na zuwa, kina cewa kina sha'awar yadda na ba da rayuwata ga rawa.

Wataƙila Malama ƙarya ta rubuta. Ta iya, ga shi mun gani. In ƙarya ce ki faɗa min, zan yarda.

Ina jiran amsarki.

Ikuyo

Otaru, 6 ga Afrilu, 2023

Nobue,

Gaisuwa. Ina fatan kina lafiya. Wasiƙarki ta iso tun tsakiyar Maris, shafi tara. Na karanta ta sau biyu. Na gode da ba ki ce ƙarya ce ba.

Kin ce ba ranar da ta wuce ba ki tuna ba. Kin ce shi ya hana ki zuwa jana'iza. Na ji. Sai a shafi na takwas kika zo ga abin da kike so: in cire shafin da ambulan ɗin in ƙona, saboda jikarki ta fara rawa, kada wata rana ta je ta karanta. Ba ke kaɗai ba ce. Masaru ya same ni ina zaune da takardar, ya karɓa ya karanta, ya sosa ƙeya.

"Kai, Gwaggo ma dai," in ji shi. "Ƙaramar Malama, a jefa wannan a risho mana. Birni zai yi taron karrama ta, har da magajin gari. Me za ki samu in kin ɓata mata suna?"

Na ce, "Jiya-jiya kake neman zuba ta gaba ɗaya a shara, yau kai ne mai gadin sunanta?"

Ya ce, "To ko kin je Tokyon ma, wa ya sani? Ƙila da shekara biyu kin dawo da karyayyar ƙafa."

Na ce masa ƙila. Amma da ni zan karya abata.

Ba zan ɓoye miki ba, na so in ƙona. Ba shafin kaɗai ba, duka kwalaye arba'in da ukun. Na buɗe murfin risho, na ɗauko littafin farko, na 1958. A ciki ta zana ƙafafun yara da fensir, ta rubuta wadda ubanta ya hana ta zuwa, da yadda ta bi shi har bakin jirgin kamun kifi tana roƙo. Akwai mata ɗari bakwai da wani abu a cikin littattafan nan. Yawancinsu ba wani wuri a duniya da aka rubuta cewa sun taɓa tsayawa a kan dandamali an tafa musu. Na rufe murfin. Na sa wa ambulan ɗin lamba kamar kowace takarda, 17 sashe na 42, na rubuta bayaninsa da hannuna: wasiƙar ɗaukar Shimazu Ikuyo, da amsar ƙin karɓa da aka aika ba da saninta ba.

An yi taron karramawar. An kafa babban hoton Malama, magajin gari ya ce ita uwa ce ga kowace yarinyar da ta shiga ƙofarta. Ni aka sa na miƙa masa furanni, na kuma rusuna yadda ta koya min. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce aka rushe makarantar. Ban je kallo ba. Mai shagon awara na kusa ya ce min madubin ne ya fi ƙara.

Jiya na je ɗakin karatu na ce ina so in ga lamba 17 sashe na 42. Madam Hoshino ta ba ni kujera, ta kawo min shayi, sannan ta ce ba zai yiwu ba. Dokarsu ce: takardar da ta taɓa sirrin mutanen da ke raye ana rufe ta shekara hamsin, sai in duk waɗanda aka ambata sun sa hannu. Na ce mata, "Baiwar Allah, wasiƙata ce fa. Sunana ne a kai." Ta ce ta sani, ta kuma ba ni haƙuri, amma yanzu kayan birni ne. Na yi dariya har mai gadi ya leƙo. Wasiƙar da aka ɓoye min shekara arba'in, na riƙe ta kwana goma sha tara, na kai ta da hannuna an sake kulle min ita.

Mu biyu muka rage a raye cikin waɗanda shafin ya ambata. Ni na sa hannu a nan take. Taki takardar na sako a cikin wannan ambulan, tare da wani mai adireshin ɗakin karatun, na riga na manna masa kan sarki. In kin sa hannu, duk wanda ya nema zai karanta, har da jikarki. In ba ki sa ba, sai bayan mun daɗe a ƙasa. Ba zan roƙe ki ba, kuma ba sai kin sanar da ni abin da kika yanke ba. Madam Hoshino za ta faɗa min.

Kada ki zo Otaru kamar yadda kika ce. Na samu ɗaki a cibiyar unguwa, ina koyar da yara shida ranar Asabar, ba ni da lokacin baƙi.

Ki gaida maigida da yara. Su ba su yi min komai ba.

Ni ce,
Shimazu Ikuyo