Tsagar saifa da aka yi wa 'yata a gida tana neman raba ni da ita a Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana, da yawa a wannan zauren sun san gidanmu a Kontagora, kuma ba na so maganar ta kai kunnen dangin mijina. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka zauna a ƙasar waje, ku kuma yi haƙuri da tsawon rubutun, ni iyakata firamare, ban iya taƙaita magana ba.

Mijina nas ne, ya daɗe yana aiki a asibiti a Kontagora kafin Allah Ya ba shi aiki a Ingila. Shi ya fara tafiya, sai bara ni da 'yarmu muka bi shi. Zan kira ta Hanifa duk da ba shi ne sunanta ba, shekararta biyar, kuma yanzu haka ina da tsohon ciki. Turancina bai wuce na gaisuwa da cefane ba. Ni mutum ce mai tsoron laifi tun ina yarinya, ko shara zan fitar sai na tsaya ina duba kwandunan kar na zuba a wanda ba shi ba, in Hanifa ta yi tsalle a ɗaki tsoro nake kar maƙwabtan da ke ƙasan benenmu su kai ƙara. Na ɗauka in na kiyaye dokarsu ba abin da zai same mu, ashe abin da zai kama ni tun daga gida na taho da shi a jikin 'yata.

Lokacin da babanta ya riga mu tafiya, zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kama Hanifa, ya tafi ya dawo, har cikinta ya kumbura ta gefen hagu ya yi tauri. Na kai ta asibiti an ba mu magani, amma ganin tana ta ramewa sai na ruɗe, na ɗauke ta muka tafi Auna wajen Inna, mahaifiyata. Inna na taɓa cikin ta ce saifa ce, aka kira wanzami. Ni na riƙe hannuwanta, Inna ta riƙe ƙafafu, ya yi mata ƙananan tsaga a jere da aska ya shafa baƙin magani. Ni ma akwai irinta a kan cikina, haka yayyena, a wajenmu ba abin magana ba ne. Ban daina ba ta maganin asibitin ba, kuma ta warke, har yau ban san wanne ne ya yi aiki ba. Ban gaya wa babanta ba sai da muka iso ya gani da idonsa, ya yi faɗa sosai, ya ce matar ma'aikacin lafiya guda ta kai 'yarsa gaban aska, daga baya ya haƙura maganar ta wuce.

To kwanan nan a makaranta madara ta zube mata a riga, malamarsu ta canza mata kaya ta ga tabon. Ta tambaye ta, ita kuma yarinya da ɗan Turancin da ta koya ta ce Mama ce ta riƙe ta wani mutum ya yanka ta. Ba a jima ba wata mata daga ofishin kula da yara ta zo gidanmu. Wallahi ba ta yi mana wulaƙanci ba, har takalminta ta cire a bakin ƙofa, amma ni ji nake kamar an kama ni da kayan sata. Mijina ne ya yi ta amsa mata, ni ina zaune ban gane ba. Sai da ta tafi ya gaya min cewa ya ce mata yarinyar faɗuwa ta yi a kan waya mai ƙaya ta shingen lambu tun muna gida, kuma ƙuruciya ce ta sa take haɗa labari. Ya ce matar ta ce likita zai duba tabon, sannan ranar Alhamis za ta dawo ta yi magana da ni ni kaɗai, da tafinta a waya, ban da shi.

Tun ranar ba mu zauna lafiya ba. Na ce masa me ya sa bai faɗi gaskiya ba, ya ce ni ban san ƙasar nan ba, in na buɗe baki na ce na danne 'yata an tsaga ta da aska, haka za su rubuta, ba ruwansu da saifa, za su iya ɗauke ta, su kuma sa ido a kan abin da ke cikina. Ya ce kuma yanzu da ya riga ya faɗi tasa, in na faɗi wata daban na mayar da shi maƙaryaci a gaban hukuma, aikinsa na amana ne, kuma zamanmu a nan duk a kan aikin yake rataye. Ya ce ni na jawo, to in taimaka a rufe. Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, tsoro ne ya kama shi, mutumin da ko abinci ya daina ci sosai. Amma abin da ya fi ƙona min rai, yanzu zaunar da Hanifa yake yana koya mata, ki ce waya ce, ki ce kin faɗi, in ta faɗa daidai ya ba ta cakulan.

Akwai wata baiwar Allah a nan, Anti Rahila, Kirista ce 'yar wajen Rijau, ta daɗe a ƙasar. A shagon kayan abincinmu na gida muka haɗu, ta ji ina yi wa Hanifa faɗa da Hausa ta rungume ni kamar ta ga 'yar ɗakinsu. Da na kai mata kukana sai ta ɗaga rigarta ta nuna min nata tabon, ta ce, "Ƙanwata kin ga nawa? Ranar da na je haihuwa a nan, ma'aikatan asibitin har kiran juna suka yi a zo a gani." Ta ce, "Wannan ƙaryar ta maigidanki ko ɗan firamare ba zai saya ba, wace waya ce take yanka a jere kamar an auna da rula? Likitan makaho ne?" A ganinta in faɗi gaskiya, in ce magani muka nufa, a gida aka yi tun kafin mu zo, kuma ba zan sake ba, wai abin da mutanen nan suka fi tsana shi ne su kama ka kana ɓoye musu abu a kan yaro. Amma da na ce ta rantse min ba za su ɗauke ta ba, sai ta ce ba za ta iya rantsewa a kan abin da ba a hannunta yake ba. Da mijina ya ji na je wajenta ya ce ita takardunta sun cika, ba abin da za ta rasa, kar na ƙara kai mata sirrin gidansa.

Na kira Inna ko zan ji sanyi, ita abin ma dariya ya ba ta. Ta ce, "Ke 'yar nan, su suka haifa miki ita? Ba ni Baturiyar a waya in yi mata bayani." Da ta ji ina kuka sai ta ce in tattaro jikarta in dawo gida kawai. Na kasa fahimtar da ita cewa in na gudu da yarinya ana cikin bincike, na tabbatar musu ke nan ni mai laifi ce, kuma na bar mijina a cikin wuta.

Ni dai ban iya ƙarya ba, ko canji aka ƙara min a kasuwa sai na koma na mayar. Na san in matar nan ta kalle ni cikin ido muryata za ta tona ni. Kuma ina tunanin ranar da zan tsaya gaban Allah, na ce 'yata ƙarya take alhali ita ce ta faɗi gaskiya a cikinmu duka. Amma in na tuna za a iya sa ta a mota a kai ta gidan da ba wanda zai ce mata ta yi bisimilla kafin ta ci abinci, sai na ji zan iya rantsewa da waya mai ƙaya sau dubu. Na yi istihara, zuciyata ba ta tsaya waje ɗaya ba.

Yau da safe ina yi mata wanka ta sa yatsa a kan tabon ta ce, "Mama ni na tuna fa, ke kika riƙe ni kina kuka, Inna ta ba ni ƙuli-ƙuli. To me ya sa Baba ya ce waya ce? Ba ke kika ce mai ƙarya wuta zai shiga ba?" Na ce ta yi shiru za mu makara. Da muka kai ƙofar makaranta ta riƙe mayafina ta ce, "In matar ta tambaye ni wanne zan faɗa, naki ko na Baba?" Na ce zan gaya mata in an tashi.

'Yan uwa don Allah, wanda ya san dokar ƙasar nan ya gaya min tsakani da Allah, tabon da aka yi a gida da niyyar magani yana sa a ƙwace yaro? In faɗi gaskiya in ƙaryata mijina, ko in bi bayansa in ƙaryata 'yata? Akwai hanyar da zai koma ya gyara maganarsa kafin Alhamis ba tare da aikinsa ya taɓu ba, kuma ta yaya zan shawo kansa? Malamai kuma, ƙarya don kare 'ya'ya tana da hukunci daban? Zagin da za ku yi min a kan tsagar na riga na yi wa kaina, shawara nake roƙo. An kusa tashi daga makaranta, zan je ɗauko ta, kuma na san Hanifa ba ta mantuwa, tun a bakin get za ta tambaye ni. Me zan ce mata?