Gawayi a Bangon Alhaji

Gumel, ranar Asabar

Zuwa ga matata Firdausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Yaya nauyin jiki? Ƙafar ta daina kumbura? Ki gaishe min da Iya da Baba, ki ce ina yi musu sannu da ɗawainiya. Tunda wayarki ta faɗa randa mun koma zamanin kakanni, ga takarda ta hannun Isa direba. Gidan nan ya yi min faɗi tun da kika tafi Ɗanzomo goyon ciki, har mai tuwon bakin tasha ta san ni da suna.

Firdausi, abokin sana'ata Dogo ya sake zuwa kan maganar Abuja. Ya ce ana neman masu wayarin a wani babban gini, motarsu za ta tashi ƙarshen wata, kuma wanda ya tafi sai bazara. Na gaya masa in ban sami aiki a nan kafin lokacin ba, zan bi su. Na san kin yi kuka ranar da na fara faɗa miki, ni ma ba so nake ba. Ina mutum zai so a haifa masa ɗan fari yana can kan tsani a garin wasu, sai dai a ba shi labarin suna? Amma shago ba ya cika da zama, kin sani.

To ga wata ƙofa ta buɗe, sai dai na yi mata shigar gaggawa. Alhaji Abdulmuttalib, babban dillalin shanun nan na karar Maigatari, ya gina sabon gida, an ɗora rufi, ba a yi filasta ba. Ya aiko a kira ni in yi masa ƙiyasin wayarin. Na yini a gidan. Na ƙirga inda ƙwai zai zauna da fanka da soket, na auna bango da tef tun daga inda wuta za ta shigo har ɗakin ƙarshe, na ƙara 'yar rara saboda kwana da yanke-yanke. Na tambayi abin da za a riƙa jonawa, aka ce uwargida Hajiya Rahmatu tana sana'ar ƙanƙara da manyan firij biyu, don haka sashenta waya mai kauri yake so. Na buga Kano na ji farashin ranar, na sa kuɗin mota, da na masu sarar bango, da na hannuna, da riba daidai gwargwado.

Sai na tashi da gaskiyata na faɗa wa Alhaji ainihin kuɗin, ban ɗora ko sisi na ciniki a kai ba. Wai ni mai amana! Na manta da wanda nake magana. Mutumin da ko goro bai taɓa saya ba sai ya taya, ya dube ni ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce yaro ya fara da kyau, ya taya rabin kuɗin. Shi a ganinsa farashin farko sallama ce kawai, ciniki na gaba. Na rantse masa nan ne ƙarshe, ya ce duk mai sayar da sa haka yake rantsuwa da safe. Ya ƙara da cewa akwai wani mai wayarin da ya amince da rabin.

Na san yadda ake yin aikin rabi. Siririyar waya ce ake turawa cikin bango, a shafe da filasta, mai gida ya ga fitila ta kama ya yi murna, sai ranar da firij biyu suka tashi tare. Ni ba zan iya ba, gidan da tsohuwa da yara za su kwana. Ki taya ni da addu'a, raina a jagule yake.

Ki huta lafiya. Naki har kullum,
Habibullah

Gumel, ranar Lahadi

Zuwa ga Firdausi tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa. Yaya jiki, yaya su Iya? Na ji daɗi da kika ce kumburin ya sauka. Takardarki ta iso, na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Ashe malama na aura ban sani ba! Kin ce in tuna yadda Iya ke sayar da man gyaɗa: in mai saye ya rage kuɗi ba ta musu da shi, sai ta karkata kwalbar ta mayar da man cikin galan a gaban idonsa, har shi da kansa ya ce ta tsaya. Kin ce Alhaji lamba ya ji a kunne, bai ga abin da zai rasa ba. Gaskiyarki, gani ya kori ji.

Ran Juma'a iyalinsa sukan je ganin gini bayan an sauko masallaci. Na riga su zuwa da gawayi a aljihu. Na roƙi Alhaji izini, na bi kowa ɗakinsa ya nuna min inda yake son abinsa, ni kuma ina zanawa a jikin bulo: da'ira ƙwai, gicciye fanka, akwati soket. 'Yan matan gidan har da gardamar wajen cajin waya. Kafin la'asar bango ya cika da zane, kowa ya riga ya ga ɗakinsa da haske a zuci.

Sannan na jiƙa tsumma, na ce wa Alhaji na yarda a yi ciniki, ya rage yadda yake so. Sai dai kaurin waya ba ya cikin cinikin. Duk abin da ya rage, ya nuna min zanen da zan goge.

Ki zo ki ga kallo! Ya nuna soket ɗin sashen Hajiya Rahmatu, ta yi gyaran murya ta ce to daga yau kuɗin cefanen da ƙanƙara ke toshewa ya dawo aljihunsa. Ya ce a bar wannan. Ya juya ɗakin 'yan mata, suka haɗa baki da Baba don Allah. Ya nufi zaurensa, sai ya tuna nan baƙinsa na Damagaram ke sauka, ba zai bari su koma su ce gidan Alhaji da mafici ake karɓar baƙo ba. Da ya rasa ta yi, sai ya nuna ɗakin mahaifiyarsa, wai tsofaffi ba sa son iska. Tsohuwar, Hajiya Kyauta, ta dogara sandarta ta je ta tsaya a ƙarƙashin gicciyen nan. Ta ce ita da ta yi masa fifita da faifai bazara bayan bazara yana jariri, yau ita za a goge wa fanka? Ta ce in miƙo tsumman ta ga mai ƙarfin hali. Na ɓoye dariyata a cikin hula.

Ko zane ɗaya ba a goge ba. Na ɗauka ciniki ya faɗa, amma Alhaji ya ɗaure fuska, ya kaɗe babbar riga, ya ce zan ji shi. Har yau shiru. Jiya Dogo ya ce in ba shi amsa, ana rubuta sunayen masu tafiya. Na ce ya ƙara min haƙuri zuwa Alhamis. Tsoro nake ji, Firdausi, kada in kasance na kunyata dattijo a gaban iyalinsa, ya ba wa mai rabin don huce haushi.

Ki gaida kowa. Mijinki mai begenki,
Habibullah

Maigatari, ranar Asabar

Zuwa ga sanyin idona Firdausi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kin tashi lafiya, da Iya da Baba da duk mutanen gida. Albishirinki! Goron kuwa sai na zo zan karɓa da hannuna.

Ran Alhamis na kasa zama, na tafi kara na sami Alhaji a tsakiyar kasuwa. Ban yi masa magana ba, na tsaya gefe ina kallon yadda yake ciniki. Na lura da wani abu. Ko an tsaya a kan kuɗin da mai dabba ya faɗa, Alhaji ba ya sakin hannu sai an bar masa wani abu, ko igiyar wuyan sa ce. In ya karɓa sai ya ɗaga ta sama 'yan'uwansa dillalai su gani. Nan na gane ba kuɗin ne ya tsaya masa a wuya ba. Ya yarda da ƙiyasina tun ran Juma'a, abin da ba zai iya ba shi ne a ce yaro ya faɗi farashi, Alhaji Abdulmuttalib ya biya bai ci komai ba.

Sai na matsa na durƙusa na gaishe shi a gaban mutanensa, na ce ranka ya daɗe na zo a ƙarasa ciniki. Idonsa ya yi haske. Ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka. Dillalai suka kewaye mu, wani na cewa yaro ka sallama, wani na cewa Alhaji a duba maraya, ni da ubana da rai! Da ya iso kan kuɗina ya tsaya yana huci, sai na dafe kai kamar an cuce ni, na ce to ya fi ƙarfina, zan yi masa gyara: fitila mai haske a turken bayan gida inda yake ɗaure ragunansa, waya da aiki duk kyauta.

Firdausi, ya damƙi hannuna ya girgiza har kafaɗata ta amsa. Ya ce ya saya, na ce na sallama, Allah ya sa albarka. Ya juya yana gaya wa jama'a su shaida, ya matse ɗan Gumel har ya zubo da fitila. Aka yi ta shewa. Tsakanina da ke, guntayen wayar da za su ragu a rarar nan su za su kai wuta turken, ƙwai ɗaya da makunni ne kawai daga ribata. Shi ya ci, ni na ci, kuma ko zare ɗaya ba a rage a kaurin waya ba. Kafin in bar kara mutum biyu sun karɓi lambata, ɗaya daga Gagarawa, ɗaya daga Sule Tankarkar, kowanne yana gargaɗina da kada in manta da gyararsa.

Ya ba da kuɗin kaya nan take, jiya na yi sammakon Kano na sayo kafin farashi ya motsa. Yau muka fara sarar bango, Hajiya Kyauta ta sa an kawo mata kujera tana gadin ɗakinta.

Na je na sami Dogo na ce ya ba wani kujerata. Ya ce na yi wauta, Abuja ta fi kuɗi. Na yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin rasa mota irin na wannan ba. Ki gaya wa Iya kwalbar manta ta yi aiki har Maigatari, turmin atamfarta na nan tafe.

Ba inda za ni, Firdausi. Duk ranar da naƙuda ta tashi, a aiko min, ko ina kan tsani zan sauko in hau babur. Ni zan karɓe shi daga hannun Iya, ni zan yi masa kiran salla a kunne da bakina.

Allah ya sauke ki lafiya. Ni ne mijinki,
Habibullah mai wayarin