Ciwon Malam ya sake buɗewa

Daren Talata, Bunguɗu

Fatar ƙasan kaciyar mijina Malam ta sake tsagewa jiya, har da jini. Tun rasuwar 'yarmu Nana muke gaggawar neman wani ciki, ba ma barin wurin ya warke. Likita a Gusau ya ce fatar ce gajera, tabon kuma ba ya miƙewa, sai an yi ɗan aiki. Shi kuwa ya koma wurin wanzami ya karɓo garin magani.

Ɗazu na ce, "Malam, ni ma ina kewarta, amma ba za ka kusance ni ba sai an yi aikin nan."

Ya ɗauki tabarma ya koma zaure. To, ya kwana can. Na rasa ɗaya, ba zan zuba ido shi ma ya lalace ba.