Motar Ƙungiyarmu Tana Mayar da Wuta ta Bututun Iska

Madu Kallamu,
Unguwar Barebari,
Tsamiyar Kwari.
20 ga Nuwamba, 2024.

Mai Girma Jami'in Kula da Ƙungiyoyin Gama Kai,
Shiyyar Ɗanbatta, Jihar Kano.

Ta hannun Mai Girma Dagacin Tsamiyar Kwari.

Ranka ya daɗe,

Game da: Ci gaba da ɗaukar mutane a babbar motar Ƙungiyar Manoma ta Alheri, alhali injinta yana mayar da wuta

Bayan gaisuwa ta ban girma da fatan alheri, ni ne mai suna a sama, direban motar wannan ƙungiya tun ranar da aka kawo ta garinmu har zuwa 18 ga wannan wata, ranar da aka karɓe makulli daga hannuna. Ban saba rubuta wa hukuma ba, kuma da akwai wata hanya da ban rubuta ba.

Motar nan man gas take sha, kuma injinta mai tobo ne, wato abin da ke cusa wa inji iska da ƙarfi. Bututun da take shaƙar iska da shi a tsaye yake a bayan gidan direba, bakinsa yana kallon bodi. Ina roƙon ranka ya daɗe ya riƙe wannan a zuciya. Tun da mai ya yi tsada ƙananan motoci suka daina shigowa ƙauyukanmu, ita kaɗai ta rage wa jama'a. Ƙorafina shi ne kamar haka:

1. Tun ƙarshen damina motar ta fara gardamar tashi da safe. Na sanar da shugaban ƙungiya, Alhaji Tasi'u, na ce tana bukatar bakanike. Ya umarce ni in riƙa jiƙa tsumma da fetur ina karawa a bakin bututun, kamar yadda ake yi a tasha. Na bi umarni. Ranar 22 ga Oktoba, ina murɗa makulli sai inji ya buga ƙara kamar an harba bindigar mafarauta, kuma ba ta salansa ƙarar ta fito ba, ta hanyar shigar iska ta fito. Tiyon da ya haɗa tobo da inji ya fizge, harshen wuta ya leƙo ta bakin bututun ya cinye tsumman. Matacin iska ya babbake. Gyaran da ƙungiya ta yi shi ne an cire matacin, an ɗaure bakin bututun da yankin gidan sauro, an naɗe tiyon da robar tayar keke.

2. Ranar 29 ga Oktoba na kai motar garejin Malam Sama'ilu, bakanike a Ɗanbatta, ba tare da izinin kowa ba. Ya cire tiyon ya zura hannu, hannun ya fito sharkaf da baƙin mai, ya ce tobo ne ke yoyo cikin hanyar iska. Ya sa na tayar da inji, ya kama hannuna ya kara a bakin bututun. Maimakon in ji tana jan iska kawai, sai na ji tana huro mini wani zafi a tafin hannu lokaci-lokaci, kamar numfashin mai zazzaɓi. Da ya buɗe saman inji sai ya nuna mini bawul ɗaya da ya ƙone, ba ya rufuwa. Bayaninsa shi ne ƙofar da iska ke shiga ba ta rufewa, don haka idan mai ya kama wuta a ciki, wutar sai ta koma ta inda iska ta shigo, ta tarar da baƙin mai a hanya da fetur a baki. Ya kuma gargaɗe ni cewa wata rana inji zai fara shan baƙin mansa da kansa, kuma a ranar makulli ba zai kashe shi ba. Ya ƙi mayar da robar keken da hannunsa. Ni na mayar, domin in kawo motar gida.

3. Na gabatar da wannan duka a zaman kwamiti na 1 ga Nuwamba. Alhaji Tasi'u ya ce babu tsohuwar motar da ba ta tari, kuma bakanike ba ya ganin lafiyayyen inji. Kwamiti ya yanke cewa a jinkirta gyara har a gama kwashe amfanin gona. Ban ce mugunta ce ta sa su ba. Na san halin da ake ciki, na san gidajen da ba sa ɗora tukunya sai motar nan ta je kasuwa ta dawo. An rufe zaman da yi wa motar addu'a, na kuma shafa tare da kowa, amma bawul ɗin yana nan yadda Malam Sama'ilu ya gan shi.

4. Ranar 17 ga Nuwamba, muna dawowa daga kasuwar Ɗanbatta, na tsaya a mararraba domin sauke wasu. Na kashe makulli, na zare shi, inji bai mutu ba. Yana ta ƙara ƙarfi da kansa, farin hayaƙi ya rufe hanya, makulli kuwa yana hannuna. Na danna birki da duk ƙarfina, na jefa ta babbar giya na saki kuloci, ta yi tsalle ta mutu. Mutanen da ke sama suka yi ta dariya, wai Madu ya fara wasan yara da tsufansa. Ni kuwa na daɗe a zaune kafin ƙafata ta yarda ta sauka daga kan birki. A ranar ta yarda ta mutu. Ban san ko gaba za ta yarda ba.

5. Abin da ke hana ni barci shi ne yadda muke lodi. A wannan lokaci harawa muke kaiwa kasuwa, busasshiya, ana jera dammunanta tun daga jikin gidan direba har sama, ta kewaye bututun. A al'adarmu kuma, wurin da ke bayan gidan direba na tsofaffi mata ne, domin nan ne mota ba ta jijjiga mutum sosai. Girmamawa ce, kuma babu wanda ya isa ya zauna a wurin idan suna nan. Inna Kulu, mai sayar da daddawa, da bututun take riƙewa idan mun shiga gargada. Da na roƙi a mayar da su baya, sai aka ɗauke shi rashin kunya. Inna Kulu da kanta ta ce mini tana zaune a nan tun kafin in yi furfura, kuma ba za ta koma wajen awaki ba don ni na tsorata. Gefen mayafinta akwai ƙuna, ta ce tartsatsin murhu ne. Ni na ga lokacin da ya ƙone.

6. Ranar 18 ga wata na shaida wa shugaba cewa ba zan sake ɗaukar ɗan Adam a motar ba sai an gyara. Nan take ya karɓi makulli. Da yamma ya miƙa shi ga Usaini. Usaini ɗana ne, ranka ya daɗe, shi kaɗai ya rage mini cikin tagwayen da Allah ya ba ni. Bana ya sami lasisi, ba shi da aikin yi, matarsa Rahmatu kuma watan haihuwarta ya kama. Ya karɓa, kuma ban ga laifinsa ba. Na yi masa magana a matsayin uba, ya sunkuyar da kai ya ce in bar shi ya ci abincinsa. Tun ranar bai sake zuwa mun ci tuwo tare ba. Bai taɓa jin inji ya ƙi mutuwa ba, bai san abin da ƙafa za ta yi ba a lokacin da kai ya ɗaure. Kwana biyun nan da safe ina zaune a zaurena ina jin yana tayar da ita da tsumman fetur. Yau da safe ta buga, kuma ƙarar ta fi ta jiya. Daga ƙofar gidana ina hango harawar da aka fara tarawa domin kasuwa mai zuwa. Ta fi ta kowane mako yawa.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinka ya turo wanda zai duba motar nan kafin ranar kasuwar Ɗanbatta mai zuwa, ya kara hannunsa a bakin bututun kamar yadda na kara nawa. Ina roƙon a ba da umarnin ajiye ta har a gyara bawul da tobo, a mayar da matacin iska, a kuma hana tsumman fetur. Ina roƙon Mai Girma Dagaci ya yi wa iyayenmu mata magana da kansa, domin tawa ba ta isa ba. Ba aikina nake nema a mayar mini ba, kuma ba na son a hukunta kowa.

Idan kuwa hukuma ta ga lallai sai motar ta fita a ranar, to ina da roƙo ɗaya na ƙarshe. A ɗora harawa kaɗai, kada mutum ko ɗaya ya hau, a karɓi makulli daga hannun Usaini a ba ni, ni in kai ta. Ni na ga 'ya'yana, na yi musu suna, na binne wanda Allah ya karɓa. Shi bai ga nasa ba tukuna.

Allah ya ƙara wa ranka ya daɗe lafiya, ya sa takardar nan ta riga ranar kasuwa isa teburinka.

Naka mai biyayya,

Madu Kallamu,
Tsohon direba, Ƙungiyar Manoma ta Alheri,
Tsamiyar Kwari.